Bikin Hamaori a Chigasaki: wa ya taɓa zuwa?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Hutun Ranar Teku ya matso, ina son ganin bikin gargajiyar Japanawa a bakin ruwa, amma aljihun ba nauyi. Ina za ku tura ni?

Yaya na Yokohama: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka nufi Chigasaki a Kanagawa, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga tashar Tokyo a layin Tokaido. Ranar hutun ake bikin Hamaori, Litinin ta uku a watan Yuli. Ana ɗauko mikoshi, wato ƙananan ɗakunan bautar nan da ake ɗorawa bisa sanduna a saɓa a kafaɗa, wajen 40 daga wuraren bautar Chigasaki da Samukawa. Suna tafe suna "dokkoi, dokkoi" har bakin teku, wasu ma su kutsa cikin ruwan da su. Sai dai fa bikin asuba ne. Wajen ƙarfe 4 suke fara isowa, kafin hantsi ya dubi ludayi an watse. Wanda ya jira jirgin safe ya yi asarar rabin kallo.

Sabon Ɗalibi: Kenan kwana zan yi can?

Yaya na Yokohama: Ƙwarai. In masaukin Chigasaki ya cika, duba Hiratsuka ko Fujisawa.

Hajiya Maman Yara: Ɗana, ka kula da rumfunan abinci. Taliyar yakisoba galibi da naman alade ake soya ta. Ni ƙanƙarar kakigori kawai nake saya wa yara, sauran guzuri daga gida. Ka riƙe ruwa da hula, zafin Yuli a nan da gumi yake zuwa.

Malam: Ibadarsu ce ta Shinto, addinin gargajiyar Japanawa, mu kallo ne namu. Ka yi sallar asuba kafin ka fito, alfijir na ketowa tun wajen ƙarfe 3.

Ɗan Tsukuba: Ni dai bikin manyan fitilu na Nebuta a Aomori, can arewacin Japan, ya fi burge ni, 2 zuwa 7 ga Agusta. Daren ƙarshe a jiragen ruwa ake zagayawa da manyan fitilun, ga wasan wuta.

Yaya na Yokohama: Ya ce aljihu ba nauyi, kai kuma kana tura shi hawa Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai gudu da tsada!

Sabon Ɗalibi: Aomori sai baɗi in Allah ya kai mu. Yaya, daga tasha zuwa bakin tekun ana iya takawa?

Yaya na Yokohama: Ana iyawa, da ɗan nisa dai. Ka sa silifa, yashi ne.