Jita mai tsirkiya bakwai don jazz: ta bakwai ɗin ta zauna a B ko a sauke ta zuwa A?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum, manyan makaɗa. Na samu jita mai tsirkiya bakwai ta gwanjo, irin ta 'yan rok, tsawonta daga kai zuwa jaki (inda tsirkiya ke hawa a jikin jitar) inci 25.5, kuma ta bakwai ɗin, wato mafi kaurin, a sautin B ta zo. Ni jazz nake son kaɗawa, in haɗa bes da kod (sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) a hannu ɗaya idan daga ni sai mawaƙi. An ce 'yan jazz a A suke ajiye ta. Da na sassauta ta sai ta yi lakwas tana zuza a kan firet, wato ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar. Wanne ne daidai, kuma me zan gyara?

Kawu_Tsirkiya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sauke ta zuwa A, aikin da ka faɗa shi ya raba gardama. B ya fi dacewa da mai gudun solo, don tazarar da ke tsakaninta da E ɗaya ce da ta sauran tsirkiyoyin ƙasa, sikel ɗinka, wato jerin sautukanka, sai ya zarce kawai. Shi ya sa jitar Ibanez ta Steve Vai da ta fito a 1990 ta zo a haka, sauran kamfanoni suka bi. Amma layin jazz ya girme ta nesa ba kusa ba. George Van Eps ne ya sa Epiphone suka ƙera masa mai bakwai a 1938, ya ɗaure ta a A, daga baya Bucky Pizzarelli da ɗansa John da Howard Alden suka ɗora a kai.

Hikimar ita ce A ɗin nan ita ce tsirkiya ta biyar, sai dai ta sauka ƙasa da oktaf guda, wato sautin ɗaya ne amma da murya mai kauri. Duk kod ɗin da ka iya wanda tushensa ke kan ta biyar, ka ɗauke yatsan tushen ka kai shi ta bakwai a firet ɗin da yake, shi ke nan. Babu sabon abin haddacewa.

Gwada wannan yau da dare. Dm7: ta bakwai firet 5, ta huɗu firet 3, ta uku firet 5. G7: ta shida firet 3, ta huɗu firet 3, ta uku firet 4. Cmaj7: ta bakwai firet 3, ta huɗu firet 2, ta uku firet 4. Lura da yadda bes ke tsallakawa tsakanin ta bakwai da ta shida, yatsun sama kuwa firet ɗaya-ɗaya suke motsawa. Da babban yatsa za ka ja bes, manuniya da na tsakiya su tsinki sauran biyun tare. Tsinken roba ba zai yi maka wannan da kyau ba, saboda akwai tsirkiyoyi biyu ko ɗaya a tsakani da dole su yi shiru.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne cusa sauti da yawa a can ƙasa. Idan ka danna ta bakwai da ta shida da ta biyar tare, kunu za ka dama, ba wanda zai gane kod ɗin. Ta bakwai sauti ɗaya take ɗauka, tushe ko na biyar, sauran su tsaya daga ta huɗu zuwa sama.

Mai_Gyara_SabonGari:

Kawu ya gama da ɓangaren kiɗa, bari in taɓa zuzar. Ba laifin jitar ba ne. Sauka daga B zuwa A na rage ɗaurin tsirkiya da kusan kashi 20 cikin ɗari, kuma wadda ta zo da ita da wuya kaurinta ya wuce inci .059. Kana buƙatar tsakanin .070 da .080, mai santsi in ka samu, don ba ta ƙarar yatsa. Sauran shidan ka sa sahun .012 zuwa .052, don kada ta bakwai ta yi kauri sauran su yi kamar zare.

Samun ƙwaya ɗaya mai wannan kauri a shagunan kayan kiɗa na nan ba kullum ba ne, yawanci sai an yi saƙo daga Legas. Dabarar ita ce tsirkiyar A ta jitar bes, wadda ke .080 ko .085, ita kam ana samu. Matsalarta biyu: ƙwallon gindinta ya fi girma, ka auna ko zai zauna a maƙalarsa kafin ka biya kuɗi; kuma ta yi tsawo, sai an yanke. Ka lanƙwasa ta sosai da filaya kafin ka datse bayan lanƙwasar, in ba haka ba naɗin zai warware daga ƙarfen ciki, sautin ya mutu tun ba a fara ba.

Daga nan sai wurare uku. Ramin kunnen ɗauri sau da yawa ba ya karɓar .080, ko ka buɗa shi kaɗan da diril ko ka warware naɗin waje na ƙarshen tsirkiyar. Sai tsagar da take kwanciya a kan wuya: ka faɗaɗa ta da siririn fayil, faɗi kawai, kada ka ƙara zurfi. In ka zurfafa, zuzar za ta dawo ko ba ka danna komai ba, kuma sai dai a canza ƙashin da tsagar ke jikinsa gaba ɗaya. Na uku jaki. Tsirkiya mai kauri tana hawa sama idan an danna ta, don haka ka ja sirdinta baya har sai sautin firet 12 ya yi daidai da na sake a kan tuna, na'urar auna sauti. Wasu jitocin sirdin kan ƙure bai kai ba. A nan sai ka cire ƙaramin sifirin ɗin da ke bayansa ko ka rage shi.

Bayan ka ƙara nauyin nan wuya zai ɗan rusuna. Ka ɗaure ƙarfen cikinsa kwatan juyi kawai, ka bari ya kwana kafin ka ƙara. Kuma ka sani saitin da aka yi a watan Agusta ba zai kai Janairu ba. Hunturun Kano na tsotse katako, bakin firet ya fito yana yankar hannu, wuya ya motsa. Ajiye jitar cikin akwatinta da jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa jikinta.

BintaFourths:

Ni ina da ja kaɗan, Kawu, a yi haƙuri. In har ɗan'uwa bai riga ya haddace kod da yawa ba, ya duba ɗaurin huɗu-huɗu: B E A D G C F. Wato ya bar ta bakwai inda take, ya ɗaga B ta sama zuwa C, E ƙarama zuwa F. Stanley Jordan haka yake ɗaure masu shidansa. Ribar ita ce siffar hannu ɗaya tana aiki a kowane sahun tsirkiya, maimakon siffa uku don kod guda. Asarar kuma ba ƙarama ba ce: kod ɗin da ake shimfiɗa yatsa ɗaya a kan duk tsirkiyoyi ya tafi, kuma duk abin da ka kwaso daga littafi ko bidiyo sai ka sake masa yatsu. Ɗaurin tsirkiya biyun da aka ɗaga zai ƙaru da kusan kashi 12, don haka .011 ta fi aminci a kan F.

Akwai ma masu ƙara tasu ta sama. Lenny Breau A mai tsini ya sa, har sai da ya yi amfani da zaren fatsa a jitarsa ta nailan. A kan inci 25.5 kada ma ka gwada, tsinkewa za ta yi ta yi.

Ɗan_Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan tafi da A. To amfilifaya fa? Tawa ƙarama ce, sifika inci 8. Kuma mai takwas ba ta fi ba?

Kawu_Tsirkiya:

A ɗin nan 55 Hz ce, wato girgiza 55 a daƙiƙa, E ta shida kuwa kusan 82. Sifika inci 8 mai buɗaɗɗen baya ba za ta iya fitar da ita ba, za ka ji tana ɓarɓar, in ka matsa mata murya ka yaga ta. Nemi inci 12, ko ka bi ta amfilifayar bes ko ta kibod, waɗanda 'yan ƙungiya da yawa ke da su. Kada ka ƙure maɓallin bes, ka ajiye shi ƙasa da rabi, ka sauke fikof (maɗaukin sauti) na wuya kaɗan ta gefen ta bakwai don kada ta danne sauran. Ranar da akwai mai bes a wurin, ka bar masa ƙasan, ka koma kan shidanka.

Mai takwas wata sana'a ce daban. Wadda Charlie Hunter ya kaɗa a da tsirkiya uku na bes ne, biyar na jita, firet ɗinta a karkace suke don na ƙasa su samu tsawo, kuma kowane ɓangare da wayarsa da amfilifayarsa. Masu takwas da ke yawo a kasuwa a F# suke, don rok mai nauyi aka yi su. Ka fara zaunar da babban yatsanka a kan bugu huɗu na bes da metironom, na'urar ƙidayar bugu, a 60, kod na shigowa a na biyu da na huɗu, sai ya daina rawa kafin ka ƙara sauri.