Gwajin t ya ba ni amsa biyu, wacce zan ɗauka?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana lissafi, ku taimaka mini. Malaminmu ya ba mu aikin gida: gonakin masara 12 an zuba musu takin zamani, wasu 12 kuma takin gargajiya. Matsakaicin amfanin na farko buhu 24, na biyu buhu 21, SD (ma'aunin warwatsuwar alƙaluma) kuwa 4 da 3. Wai mu yi gwajin t (gwajin kwatanta matsakaita biyu) mu ga ko akwai bambanci a matakin 0.05, ta ɓangare biyu.

Na buga da hannu, t ya fito 2.078. Da df (degrees of freedom, adadin da ake duba teburin t da shi) 22, teburin bayan littafi ya nuna 2.074, tunda t ɗina ya fi shi, sai na yi watsi da H0 (hasashen cewa babu bambanci) ina murna. Ashe da sauran rina a kaba. Abokina ya saka alƙaluman a manhajar R, ita kuma da tsarin Welch (wanda ba ya ɗauka cewa warwatsuwar rukunan biyu ɗaya ce) take aiki in ba ka hana ta ba. Df ya sauko wajen 20.4, p (adadin da ake kwatantawa da matakin gwajin) ya ɗan haura 0.05, wato ba za a yi watsi da H0 ba. Ka ji, tazarar da ba ta kai gashin kai ba ta juya hukunci!

To 4 da 3 sun isa a ce warwatsuwar rukunan ba ɗaya ba ce? Ko sai na fara gwajin Levene, mai duba ko warwatsuwar ɗaya ce? Ranar Litinin za mu miƙa.