Gobara a Lokacin Hunturu: Abin da Aka Tattauna a Majalisarmu

Da sanyi ya kankama, hirar majalisarmu bayan sallar isha'i ta koma kan gobara. Daga Disamba zuwa Fabrairu komai a bushe yake, ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa.

An fi daɗewa a kan kaskon garwashi. Wani dattijo ya ce su tun suna yara ake jin ɗumi da shi, amma ba a kwana da shi a ɗaki. Ko bargo bai kama ba, gawayi na fitar da iska mai guba marar wari, mutum yana barci ta ɗauke shi. A fita da kaskon, a yayyafa masa ruwa, kada a zuba tokar kusa da zana ko tarin kara.

Mai gyaran wutarmu kuwa maganar hitar dafa ruwa ya kama. A jona ta a bokitin roba, a ɗauke wuta, a manta, a dawo da wutar cikin dare, gobara ta tashi. Ni ma a nan na fi jin tsoro. Shawararsa: da an ɗauke wuta a zare komai daga soket.

Sauran an wuce su da sauri: jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki, a rufe tukunyar gas bayan girki, kyandir da maganin sauro su yi nesa da labule da katifa. In man girki ya kama da wuta a kaskon suya, a kashe murhu a kifa murfi, ban da ruwa. A fitar da yara tukuna, sannan a kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa 112.