Muhawara: ragowar ƙwari za ta iya faɗin zurfin tafki na shekaru dubu?

Injiniya: Jama'a, akwai maganar da ta ƙi kwanta mini a rai. Masana sun ce da ragowar ƙwarin da ke binne a laka suna gane inda ruwan tafki ya tsaya da irin zafin da aka yi shekaru dubbai da suka shige. Ni da ma'auni nake aiki. Abin da ba a auna ba lokacin da yake faruwa, hasashe ne kawai.

Malama: Injiniya, bari mu fara da abin da ake tonowa. Akwai ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, tsutsarsa a gindin ruwa take girma. Duk sa'ad da ta yi saɓa ko ta mutu, ƙoƙon kanta mai tauri yana nutsewa cikin laka ya ƙi ruɓewa. Laka kuwa bisa-bisa take kwanciya, ta bana a kan ta bara. Sai a kafa dogon bututu a zaro ta, a yanka sala-sala, a gano shekarun kowane yanki da kabon-14, wato awon da ke nuna daɗewar ragowar abu mai rai, sannan a tsince kawunan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da siffar haƙoransu ake rarrabe jinsi. Wani jinsin sai ruwa mai sanyi, wani sai bakin gaɓa mai ciyawa, wani kuma yana jure gishiri.

Injiniya: Na ji. To wa ya mayar da jinsi ya zama digiri?

Malama: Tafkunan yau. Ana ɗebo lakar sama daga tafkuna masu yawa, a auna zafinsu da zurfinsu, a ga wane jinsi ke ina. Ian Walker da abokan aikinsa sun yi haka a Kanada a 1991. Kuskuren lissafin zafin bazara yakan kai wajen digiri 1 zuwa 1.5, kuma masu aikin da bakinsu suke faɗin haka.

Dattijo: 'Yata, kada ki bar rabin labarin. Shekara guda bayan wannan aikin wasu masanan suka ƙalubalance shi, kuma ƙorafinsu yana da nauyi har gobe. Tsutsar nan ba zafi kaɗai take bi ba. Tana bin abinci, tana bin iskar oksijin, tana bin irin lakar. Jajayen tsutsotsin suna rayuwa inda iska ta yi ƙaranci ƙwarai. Idan mutane suka sare dajin da ke kewaye da tafki, datti ya kwararo, jinsuna za su sauya alhali sama ba ta sauya ba. Mai gaggawa sai ya ce yanayi ne.

Ɗaliba: Baba, ga ƙari: igiyar ruwa ma tana iya kwashe kawunan gaɓa ta kai su tsakiya. Ba zai rikita lissafin zurfi ba?

Malama: Yana rikitawa, ƙanwata, shi ya sa ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Dubi tafkin Naivasha na Kenya. A shekarar 2000 Dirk Verschuren da abokansa sun fitar da tarihin ruwansa na shekaru 1,100, kuma sun haɗa abu uku: yanayin lakar, ɓawon ƙananan tsirran ruwa, da kawunan tsutsar. Idan ruwa ya ja, gishiri yana ƙaruwa a sashen tafkin da suka zaro lakar, masu son ruwan daɗi su ɓace. Suka ga yankin ya fi bushewa daga wajen shekarar 1000 zuwa 1270, sannan ya fi laima har wajen 1850, da munanan fari guda uku a tsakani. Wannan sani ne da mai tsara ruwan sha yake bukata, domin bayanan ma'auni ba su kai can baya ba.

Injiniya: Idan ƙwarin da kansu sun sauya hali fa a tsawon zamani?

Dattijo: A nan kam ina tare da Malama. Russell Coope na Ingila ya ƙarar da rayuwarsa kan ƙwari masu taurin fiffike na zamanin da ƙanƙara ta rufe manyan sassan duniya, ya iske jinsunan da ke raye yau ne, siffarsu ba ta canja ba. Idan sanyi ya matso sai su yi ƙaura, ya janye su dawo. Da su ya nuna cewa Birtaniya ta ɗumama cikin hanzari a ƙarshen wancan zamanin, tun kafin itatuwa su samu isowa.

Injiniya: Babban sauyi irin wannan na yarda ƙwari za su nuna shi, ya fi ƙarfin kuskuren. Inda nake nan daram shi ne shekaru 11,700 na baya-bayan nan, da sauyin zafi a wurare da dama bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Kuskure ya kusa kai girman abin da ake nema. Batun zurfi kuma, a ce mini ruwa ya hau ko ya sauka, zan karɓa. A ce mini mita kaza cif, sai na ga tsohuwar gaɓar tafkin da idona.

Malama: Ai ana neman tsofaffin gaɓoɓin, Injiniya, a gwada shekarunsu da na lakar. Amma gaɓa lokacin cikar ruwa take nunawa, ita ma zaizaya tana cinye ta. Shekarun da ruwa ya ja baya, gaɓarsu tana nutse a ƙarƙashin tafkin yau, kuma lakar tsakiya ce ta riƙe su a jere.