Wai dole sai zane ya yi kama da na Turawa kafin a kira shi na zamani?

Dan_Unguwar_Sarki: Salam jama'a. Na kai zanena guda 3 wajen wani mai shirya baje koli nan Kaduna, jar ƙasa da makuba na kwaɓa na fitar da dagi irin na bangon gidajen Zariya, wai shi wannan kayan gargajiya ne in kai gidan tarihi, wlh abin ya tsaya min a rai. Ina kuskuren yake?

Yar_Barnawa: Ɗan'uwa kar ka karaya. Tun 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko suna ɗaliban zane a Zariya suka ce sai an haɗa namu na gida da abin da aka koyo a aji, kuma yau su duniya take girmamawa.

Malam_Mai_Burushi: Gaskiya ne Hajiya, amma ni da nake shirya baje koli abin da nake tambaya shi ne me ka ƙara? In dagin ka kwafo yadda magina suka bar shi, aikinsu ne, in kuwa ka sa shi ya yi maganar rushe tsoffin gidajen da ake yi ana dasa bulo, to zan rataya shi gobe.

Dan_Unguwar_Sarki: Malam ai ƙasar ma daga rusasshen zauren kakana na ɗebo ta. Bari in turo maka hotunan.