Yaron da ya girmi karatunsa: abin da muka gani a gidajen marayu na Kaduna

Malamar firamare, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina zuwa wani gidan marayu da yamma domin koya wa yara karatu, kuma akwai abin da yake damuna wanda nake so in ji yadda ya kasance ga sauran 'yan'uwa. An kawo mana wani yaro mai kimanin shekara 12, aka kai shi makarantar unguwa, aka dubi tsawonsa aka sa shi aji biyar. Littattafansa tsaf suke, domin duk abin da aka rubuta a allo yana kwafe shi da kyakkyawan rubutu, har malaminsa yana yaba masa. Sai ranar da na rubuta masa kalmar "ƙosai" a takarda na ce ya karanta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce idonsa ne yake ciwo. Ashe zanen haruffa ya iya, bai san sautin ko ɗaya ba, kuma ya yi zango biyu yana ɓoye wannan da dabara. Waɗanda suka taɓa haɗuwa da irin wannan, yaya kuka yi?

Tsohon hedimasta, Kawo:

Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika faɗa na gan shi sau da yawa tun ina bakin aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, saboda haka karɓar yaron ba ita ce matsala ba. Inda za a ajiye shi ne ake kuskure. Yaron gidan marayu yakan zo ba takardar haihuwa, ba katin sakamakon jarrabawa, ba kuma wanda zai ce ga inda ya tsaya, sai a auna shi da ido.

Da na yi ritaya na koma taimaka wa wani gida, sai muka ɗauki hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, wato a koyar da yaro daga matakin da yake, ko shekarunsa nawa. Gwajin ba ya wuce 'yan mintoci: a ba shi gajeren sakin layi, in ya karanta a ba shi labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa a sauko zuwa haruffa. Daga nan sai a raba yaran rukuni-rukuni bisa abin da suka iya. Abu biyu na nace a kansu. Na ɗaya, a gwada yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Na biyu, a fara da Hausa, domin yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, kuma yaron da ya gane cewa "b" da "a" suna ba da "ba" ya kama bakin zaren; in Turanci ya zo daga baya, zai tarar da wurin zama. Shi kuma ajinsa na makaranta, ban ba da shawarar a mayar da shi aji ɗaya ba, domin ɗan shekara 12 ba zai zauna cikin 'yan shekara shida ya sake son makaranta ba.

Mai renon yara, Rigasa:

Baba, ka yi mini haƙuri, tsarin da ka kawo daidai ne, amma mu da muke kwana da yaran mun ga wani ɓangare da malamai ba sa gani. Mun fara darasin cike giɓi kullum bayan la'asar, sai ya ci karo da Islamiyya, yaran suka riƙa gyangyaɗi a nan da can. Muka mayar da shi Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a zuwa Islamiyya, da kuma safiyar Asabar bayan an karya kumallo, sai abin ya zauna. Abin da ya kusa rusa mana aikin gaba ɗaya shi ne suna. Sauran yaran suka laƙaba wa rukunin farko "ajin daƙiƙai", kuma daga ranar wata yarinya ta daina fitowa, sai dai a same ta a bayan tankin ruwa. Da muka sa kowa da kowa a cikin wani rukuni, har da masu ƙoƙari, muka ba rukunan sunayen tsuntsaye, sai tsokanar ta mutu da kanta.

Ita wannan yarinya ta yi tallar gyaɗa kafin a kawo ta. In ka ce mata an sayi gyaɗar naira 150 an ba da naira 500, kafin ka rufe baki ta faɗa maka canji, amma in ka rubuta lissafin a takarda sai ta sunkuyar da kai. Da murafen kwalba da tsinken tsintsiya aka nuna mata goma-goma da ɗai-ɗai, ta gane cewa abin da ta daɗe da sani ne ake rubutawa.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:

Ina so in ƙara a kan maganar Malam hedimasta. A 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu, na koyar da wasu yara da suka fito daga tsangaya, kuma na ga ana rubuta su a matsayin waɗanda ba su san komai ba, alhali sun san baƙi da wasali, wasunsu har sun yi nisa a hadda. Sai na riƙa rubuta kalma da ajami a dama, in rubuta ta da boko a hagu, in nuna musu cewa fataha ita ce "a", kisira ita ce "i". Sun fi sauran saurin kamawa, sai dai sun ɗan daɗe kafin hannunsu ya saba farawa daga hagu.

Tsohuwar 'yar bautar ƙasa, Barnawa:

Ni kuskurena zan faɗa. Na yi watanni ina koyarwa a wani gida, na san inda kowane yaro ya tsaya, amma duk a kaina yake, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Da shekarar hidimata ta ƙare na tafi, wanda ya gaje ni ya sake farawa daga "a, b, c", yaran da suka kai ga karanta jimla suka gaji suka watse. Da a ce na bar littafi guda, kowane yaro da shafinsa, da ranar gwaji da matakin da ya kai, a hannun mai renon da ba ta zuwa ko'ina, da aikin bai koma baya ba.

Malamar firamare, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sayi littafin rajistar, na kuma gwada yara 14 ɗaya bayan ɗaya a ɗakin ajiya, inda ba mai leƙowa. Yaron da na ba ku labarinsa yana kan haruffa, har yanzu yana rikita "b" da "d", balle "ɓ" da "ɗ". Baba, da wace dabara kake raba musu waɗannan huɗun?