Nano ya ƙi buɗewa da sudo: matsalar xterm-kitty

Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan abin nan ya ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina kula da wata ƙaramar saba (server) mai tsarin Linux na Debian a ofishinmu nan Damagaram. Ina shiga ta ssh (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) daga kwamfutata, tagar umarnina kuwa kitty ce. Da na buga nano (manhajar gyara rubutu) ko htop (mai nuna ayyukan da ke gudana) sai ta ce "Error opening terminal: xterm-kitty". Na gane cewa terminfo, wato rumbun bayanan tagogin umarni na sabar, bai san wannan suna ba.

Ƙunshin kitty-terminfo mai ɗauke da bayanin kitty ba zai sauku ba, don sabar ba ta da intanet. Sai na kwashe bayanin daga kwamfutata da infocmp -x, na tura can, na harhaɗa da tic -x. Ya zauna a ~/.terminfo, komai ya yi daidai. Amma da na sa sudo a gaba don in yi aiki a matsayin root, wato asusun mai cikakken iko, kuskuren ya dawo, ina zaton don root ba ya leƙa gidan asusuna inda ~/.terminfo yake.

Canza sunan tagar da TERM=xterm-256color yana aiki, sai dai rufa-rufa ce, kuma kullum ina mantawa.

A ina ya dace in ajiye bayanin don root ya gan shi kuma sabuntawa kada ta share shi: /etc/terminfo ko /usr/share/terminfo? Na gode.